Shin Kura Za Ta Iya Shiga Zango? Darasin Dajin Gundumi Ga Masu Ƙera Gem

Akwai wata gardama da ta daɗe tana raba kan masu buga gem ta intanet, musamman irin wasannin nan da mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya raɗa masa suna, ya rataya masa jaka da gatari, ya faɗa daji tare da wasu 'yan wasa da ke garuruwa daban-daban. Gardamar ita ce: idan dare ya yi ka hura wuta ka yada zango, shin ya kamata naman daji ya iya shigowa ya same ka, ko kuwa da zarar wuta ta kama ka tsira ke nan har gari ya waye?

Wanda bai taɓa bugawa ba zai ce wannan ai maganar yara ce. Amma duk ɗalibin da ya tara kuɗin tara na mako guda ya sayi data, ya shafe yammacin Asabar yana tara itace da ƙarfe da abinci, sannan wata dabba ta zo ta kashe jaruminsa a bakin wutarsa komai ya watse, ya san akwai zafi a ciki. Su ma kamfanonin da ke ƙera wasannin ba su ɗauki abin da wasa ba, domin wannan doka guda tana iya sa mutane su zauna a wasa shekara da shekaru, ko su goge shi cikin mako ɗaya.

Mun kawo maganar wannan shafi ne saboda muna ganin ɗaliban Isa da Sabon Birni suna da abin faɗa a kai. Ƙasar Gobir ta san zango, ta san daji, tun kafin a ƙera kwamfuta.

Dabbar cikin gem ba ta da hanci

Da farko mu fahimci yadda abin yake aiki. Kerkeci ko dodon da kuke gani a fuskar waya ba ya jin yunwa, ba ya jin wari. Dokoki ne aka rubuta masa, kuma galibi uku ne manya: inda zai bayyana, nisan da zai hango ka daga gare shi, da iyakar inda zai bi ka kafin ya haƙura ya koma. Duk gardamar zango a kan waɗannan take.

Ɗauki Minecraft, wanda kamfanin Mojang na ƙasar Suwidin ya ƙera, Microsoft kuma ta saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5. Yini da dare a cikinsa minti 20 ne kacal. Miyagun halittu suna bayyana ne a wurin duhu, kuma tun gyaran da aka yi a ƙarshen 2021, yawancinsu ba sa bayyana sai inda babu hasken fitila ko kaɗan. Shi ya sa 'yan wasa ke kakkafa sandunan wuta ko'ina. To amma ga inda sababbin 'yan wasa ke shan kashi: haske yana hana dodo ya tsiro a wurin, ba ya hana wanda ya tsiro a can cikin duhu ya tako ya shigo. Sai ka yi katanga. Haka kuma idan akwai dodo a tsakanin bulo 8 da gadonka, wasan ba zai bar ka ka yi barci ba. In ka ƙi barcin har kwana uku, wasu halittu masu fukafukai za su fara kawo maka farmaki daga sama da dare.

A Don't Starve, na kamfanin Klei da ke Kanada, wanda ya fito a 2013, duhun kansa shi ne abokin gaba. Wutarka ta mutu, wani abu da ba ka gani zai fara dukan ka. In kuma ka cika mata itace kusa da bishiyoyi, sai ta kama dajin ta cinye har da kayanka. Bayan 'yan kwanaki karnukan daji suna zuwa, ko da wuta ko babu, amma sai sun yi ta gurnani daga nesa kafin su iso, domin ka samu damar shiri. Ku riƙe wannan gurnanin, za mu dawo kansa.

Valheim, wanda ya fito a 2021, ya fi su bin hankali. Aladun daji da wasu ƙananan dodanni suna tsoron wuta, ƙaton dodo kuwa bai san da ita ba. Ruwan sama yana kashe wutar da ba a yi wa rumfa ba, hayaƙi kuma yana cutar da kai idan ka hura ta a ɗaki rufe. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da kaskon gawayi da hunturu ya san wannan ba ƙarya ba ce.

Kowane ɓangare na da hujja

Masu cewa zango ya zama wurin tsira ɗari bisa ɗari suna da hujja mai ƙarfi, kuma mu nan mun fi kowa jin ta. Wasan intanet ba a tsayar da shi. Kai ka ajiye waya, duniyar wasan tana ci gaba da tafiya. To an kira sallah, ko Inna ta aike ka kai niƙa, ko caji ya ƙare, ko sabis ya ɗauke, jaruminka yana nan tsaye kamar gunki, dabba na cin sa. Wanda ya ƙera wasa a Turai yana zaune da intanet da ba ya yankewa zai iya mantawa da wannan. Mu ba za mu manta ba. A watan Satumba na 2021 ma an katse layukan waya gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, har da Isa da Sabon Birni. Ko a ranakun da sabis ke nan, kun san yadda yake zuwa yana komawa.

Tsofaffin wasanni sun yi tunanin wannan. A Ultima Online, wanda ya fito a 1997, yada zango sana'a ce da ake koyo: ka sari ƙirare, ka hura wuta, ka jira ɗan lokaci wurin ya tabbata, ka shimfiɗa abin kwanciya, sai ka fita daga wasan lafiya. Wanda ya fita haka kawai a tsakiyar daji, jaruminsa kan zauna a wurin na 'yan mintoci, abin da ya same shi ya same shi. A World of Warcraft na 2004, in kana masauki ko cikin birni kana fita nan take, in kana daji sai ka jira daƙiƙa 20.

Akwai kuma muguntar ɗan Adam. A EverQuest na 1999, an san wata ɗabi'a ta ɗan wasa ya tsokano garken dodanni ya kwaso su a guje, su biyo shi har inda wasu ke zaune suna hutawa, ya wuce ya bar su da bala'i. Wani tsautsayi ne, wani kuwa ganganci. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasannin baya suka ɗaura wa dabba igiyar da ba a gani, in ta bi ka zuwa wani nisa sai ta juya.

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa, in wuta ta zama ganuwar da ba a ƙetarewa, wasa ya mutu. Ɗan wasa zai tsaya a bakin haske ya yi ta harbin dabba da kibiya, ita kuwa tana kai da kawo kamar an ɗaure ta a turke. Kowa zai riƙa yawo da ƙirare a jaka, da ya ga hatsari ya ƙyasta wuta. Dare ya tashi daga abin tsoro ya koma lokacin jira. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Dajin da babu tsoro a cikinsa ai tsakar gida ne.

Mu a ganinmu duk ɓangarorin biyu suna kallon wuta kamar maɓallin lantarki ne, ko a kunne ko a kashe. Fatake ba haka suka san zango ba.

Abin da fatake suka sani

Tsakanin Isa da ɓangaren Wurno da Rabah akwai dajin Gundumi, wanda sunansa ya shiga littattafan tarihi tun ƙarni na 19. A 1853 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim a ƙasashen nan, ya taso daga Katsina zai je wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Da ayarinsu ya iso Gundumi, ba su yada zango ba. Tafiya suka yi ta yi, yini da dare har gari ya sake wayewa, mutane da dabbobi suna faɗuwa don gajiya. Dajin ba ruwa, kuma a zamanin ana zaman yaƙi tsakanin Sakkwato da Gobirawan da suka kafa Tsibiri bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. Wuta a irin wannan wuri tallar kai ce. Darasi na farko ke nan ga mai ƙera gem: akwai inda ba a kwana, kuma gwanintar matafiyi ta fara ne daga sanin wurin.

Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro yana da tsari. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin sauka, uban dawaki yana kula da sha'anin biyan kuɗin hanya. Ba a jiran duhu kafin a sauka. A sauke kaya, a tara su wuri ɗaya, a ɗaure jakuna, a nemo ruwa da itace, inda ake tsoron dabba a kewaye da ƙaya. Makiyayi ma haka yake yi wa garkensa: shingen ƙaya, 'yan maruƙa a ɗaure a tsakiya, hayaƙi don korar ƙudaje da sauro, kare a waje. Kwanciyar hankalin da ake samu a wurin guminsu ne ya saye ta, kuma kullum sai an sake saye.

Ita kanta wutar, an fi ba ta girman da ba ta kai ba. A 1898, lokacin da ake gina gadar jirgin ƙasa a kogin Tsavo a Kenya, zakuna biyu sun shafe watanni suna ɗauke ma'aikata daga cikin tantinsu, duk da shingen ƙaya da wutar da ake kwana ana hurawa. Sai a watan Disamba aka harbe su. Fiye da shekara 100 bayan haka, a ƙasar dai, wani yaro makiyayi mai suna Richard Turere, da ke kiwon shanun mahaifinsa a gefen gandun dajin Nairobi, ya gwada wuta don korar zakuna, sai ya lura haske taimaka musu yake yi su ga cikin garke. Ya kafa mutum-mutumi, suka gane shi a kwana na biyu. Abin da ya yi aiki shi ne haske mai motsi, domin zaki yana zaton mutum ne ke zagaye da tocila. Sai ya haɗa batirin mota da akwatin sigina na babur da ƙwayayen tocila, ya yi fitilu masu kunna kansu bi da bi. Yana da shekara 13 ya je Amurka ya yi bayanin abin a gaban taro, a 2013. Sa'an ƙaninku ne ya gano abin da manyan kamfanonin gem har yau ba su gama sakawa a wasanninsu ba: dabba tana koyo, kuma mutumin da ke farke take tsoro fiye da harshen wuta.

Kurar tatsuniya wawiya ce, Gizo yana juya ta yadda ya so. Kurar gaske ba haka take ba. Tana farauta da kanta, tana tafiya cikin ƙungiya wadda mace ke shugabanta, tana jin warin nama daga nesa ƙwarai, tana zagaya wuri ta gwada inda shinge ya yi rauni. Ba banza aka ce kura ta san gidan mai babbar sanda ba. Kububuwa kuwa ba ruwanta da wuta ko shinge. Tana kwance ƙarƙashin tarin itacen da za ka ɗauko ne, ko a hanyar da za ka bi da duhu ba takalmi. Kunama tana cikin takalmin.

Da mu ne masu ƙerawa

A ce yau an ba ɗaliban wata sakandare a Sabon Birni aikin ƙera wasa, ɗan wasa farke ne da zai kai kaya daga Isa zuwa Wurno a zamanin da. Ga yadda muke ganin ya kamata zangonsa ya kasance.

Tsaron zango ya zama abu mai ƙarewa. Wuta na cin itace, in ta ragu da'irar haske ta tsuke, kura ta matso. Itacen kuma ba ya zuwa da kansa, sai ka nemo tun da rana, wato ka sauka da wuri ka yi asarar tafiya, ko ka ci gaba da tafiya ka kwana da 'yar wuta. Wannan zaɓin shi ne daɗin wasan. Abin da ka yi a zangon kuma ya yi tasiri: ka gasa nama ka ƙara ƙarfi, amma ƙamshi ya kira baƙi. Ka bar ƙashi a ƙasa, gobe a zango na gaba kurar da ta ɗanɗana tana biye da kai.

Kowace dabba da halinta. Dila ya sace kaza ya gudu, ba ruwansa da kai. Kura ta auna yawanku, in ku huɗu ne kuma ɗaya na gadi, ta haƙura. Maciji ya dogara da inda ka shimfiɗa tabarma da kuma lokacin shekara, domin farkon damina ba ɗaya yake da tsakiyar hunturu ba. Fadamar Gulbin Rima akwai ruwa da ciyawa, amma akwai sauro da macizai, kuma duk dabbar da ke jin ƙishirwa nan za ta zo. Kan tudu babu wannan, babu kuma ruwa.

Sai gurnanin nan da muka ce ku riƙe. Kada farmaki ya zo babu sanarwa. Jaki ya miƙe kunnuwa ya fara tirjiya, kare ya yi haushi ta gefe guda, kukan kura ya fara daga nesa yana matsowa, ido biyu su haska a bakin duhu. Ɗan wasan da aka kashe bayan ya ji duk wannan zai ce laifinsa ne, ya sake gwadawa. Wanda aka kashe ba zato zai ce wasan ne azzalumi, kuma gaskiyarsa.

Gadi shi ne inda wasan intanet ya fi na mutum ɗaya. Abokai huɗu su raba dare, mai gadi ya riƙa zagayawa yana ƙara itace, sauran su ajiye waya su yi aikin gida na makaranta. A nan kuma muke tsayawa kai da fata a kan doka guda: wanda sabis ya yanke masa alhali yana cikin zangon da ya kafa daidai, dabba kada ta taɓa shi. Jaruminsa ya ɓace daga filin bayan ɗan lokaci kaɗan, kayansa na jikinsa. Za a ce wasu za su riƙa kashe data da gangan in sun ga hatsari. Za su yi. Maganinsa shi ne in kura ta riga ta shigo ana fafatawa, dokar ba ta aiki sai an gama. Hukunta dubban masu raunin sabis don a kama 'yan wayo kaɗan bai yi mana ba. Haka nan dabbar da wani ya tsokano ya jawo, shi za ta bi, ba mutanen da ya wuce ta kansu ba.

Wani abu da ba mu so a manta: daji ma yana ƙarewa. Masu Ultima Online sun fara ne da tsarin da zomaye ke cin ciyawa, kerkeci na cin zomaye, komai na tafiya da kansa. Mai wasan, Richard Garriott, ya ba da labarin cewa da aka buɗe wa jama'a, 'yan wasa suka kashe duk abin da ke motsi, tsarin ya rushe, dole aka cire shi. Mu wannan ba labarin gem ba ne a wurinmu. Zakin da kakanni ke ba da labari a dazukan Gobir da Zamfara babu shi yanzu, a Najeriya kaf sai ɗan abin da ya rage a Yankari da gandun Kainji. Raƙuman dawa ma sai da aka ɗauko wasu a mota daga yankin Kure aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi a 2018. Wasan da in ka sare duk ƙayar da ke kewaye da zango, in ka dawo baɗi ba za ka samu ta shinge ba, ya faɗi gaskiya.

Ba za mu yi kamar ba mu san abin da ake tsoro a Gundumi yau ba. Ba kura ba ce. Cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda suka bar ƙauyukansu da dare, waɗanda suka kwana a ajin makaranta ko gidan 'yan uwa a cikin gari, da waɗanda danginsu ke tsallaken iyaka a ƙasar Maraɗi. Ga irin wannan ɗalibi, wurin da babu abin da zai iya shigowa yana da daraja, ko da a cikin waya ne. Saboda haka duk tsananin da muke so zango ya yi, muna so a bar birni mai ganuwa da ƙofa a cikin wasan, inda mutum zai ajiye kaya, ya zauna kasuwa, ya yi hira da abokai, babu gurnani. Mai son daji ya fita da ƙafarsa.

Ku gwada a gurbin dara

Ba sai kuna da kwamfuta ba. Masu ƙera gem da yawa a takarda suke fara gwada dokokinsu, mu kuwa muna da dara. Ku haƙa gurabe 30 kamar yadda aka saba, 6 sau 5. Ku ajiye jan dutse a ɗaya daga gurabun tsakiya, shi ne wuta. Gurabe 8 da ke kewaye da shi su ne haske. Mutum ɗaya farke ne, da tsinke 5 a hannu a matsayin itace. Ɗaya kuma yana da duwatsu biyu, kuraye ke nan, suna farawa daga kusurwa biyu masu nisa da juna. A zuba tsinke bibbiyu a gurabe huɗu na bakin fili.

Dare zagaye 10 ne. Kowane zagaye wuta na cin tsinke ɗaya, farke ya yi taku ɗaya ko ya tsaya, mai kuraye ya motsa kura ɗaya taku ɗaya. Kura ba ta shiga haske muddin akwai tsinke, in ta taka gurbin da farke yake, an cinye shi. Tun da tsinke 5 ba za su kai zagaye 10 ba, dole farke ya fita duhu ya ɗebo.

Ku buga sau 10 kuna canza wuri, ku rubuta wanda ya ci a bayan littafi. In farke ne ke ci kullum, ku rage masa tsinke ɗaya ko ku bar kuraye biyun su motsa tare. In kuraye ne, ku ba shi kare: dutse ɗaya da zai ajiye a gurbi ya hana kura bi ta nan. Daga nan ku ƙara dokar nama, farke ya samu taku biyu a zagaye ɗaya, amma a zagayen da ke biye kowace kura ma ta yi biyu. Waɗanda makarantarsu ke da ɗakin kwamfuta za su iya mayar da dokokin cikin Scratch, manhajar koyon haɗa wasa ta kyauta da jami'ar MIT ta Amurka ta yi, wadda ke da nau'in da ke aiki ba tare da intanet ba. Ajin da ya samo adadin tsinken da ke sa farke da kura su yi kusan kunnen doki, ya aiko mana da dokokinsa da sunan makarantarsa, za mu buga a wannan shafi.